Haƙorin da ya bugu ya yi mugunya: kurakuran da aka fi yi

A Maradi, tsakanin faɗuwa daga kabu-kabu da karon yara a filin ƙwallo, haƙoran gaba suna shan wuya. Ciwo ya yi kwana biyu ya lafa, sai a ce an warke. Nan ne kuskure mafi girma.

A cikin kowane haƙori akwai jijiya da ƙananan hanyoyin jini. Bugu mai ƙarfi yana iya kashe su ko da haƙorin bai tsage ba, kuma jijiyar da ta mutu ba ta jin zafi. Bayan watanni, wani lokaci shekaru, haƙorin ya fara duhu, ƙwayoyin cuta su taru a ƙarshen saiwa, mugunya ta kwanta. Sai zogi mai hana barci, ko ɗan ƙurji a dasashi mai fashewa yana dawowa. Wanda ya ga haƙorinsa ya sake launi, ya je wurin likitan haƙori a yi masa hoto, ko babu ciwo.

Sannan ga amoxicillin na masu tallar magani. A sha kwana biyu, kumburi ya saɓe, a ajiye. Jini ba ya shiga matacciyar jijiya, don haka maganin ba ya isa inda cutar ta yi gida. Aikin likita ne ya fitar da mugunyar, ya wanke cikin saiwar ya cike ta, ko ya cire haƙorin in ya wuce gyara. Ni dai haƙorin gaba ba na gaggawar rabuwa da shi. A tambaya ko wankin saiwa zai yiwu.

Ɗora asfirin a kan dasashi ƙuna yake yi. Kanwa, fetur, garin taba, ruwan batir, duk ƙarin rauni ne, haka ma huda ƙurji da allura. Kanumfari yana ɗan kwantar da zogi, iyakarsa ke nan. Kada a gasa kunci da tsumma mai zafi, a ɗora mai sanyi, a kuskure baki da ruwan ɗumi da gishiri. Babba zai iya shan farasitamol mai miligiram 500 ƙwaya biyu, kada ya wuce ƙwaya 8 a kwana ɗaya. Mai juna biyu da mai gyambon ciki su bar ibuprofen sai da izinin likita.

In kumburi ya kai ido ko ƙarƙashin muƙamuƙi, ga zazzaɓi, baki ya ƙi buɗewa, ko haɗiye miyau da numfashi suna wuya, ba a jiran gari ya waye. A nufi babban asibitin Maradi ko da tsakar dare, musamman mai ciwon suga.