Yadda Ake Rubuta Shafin "Game da Mu" da Zai Sa Baƙo Ya Yarda Ya Turo Kuɗi

Mai saye yana zaune a Yola ko Minna, ya ga hoton shadda a shafinka, ta kwanta masa, farashin ma bai yi masa tsada ba. Tambaya ɗaya ce ta rage a ransa: in na tura kuɗina, kayan za su zo? Da a Kantin Kwari yake, ba sai ya tambayi kowa ba. Ga shago, ga kaya jibge har rufi, ga maƙwabta da suka san mai shagon shekara da shekaru. A intanet duk wannan babu. Shafin gabatarwa, wanda galibi ake sa wa suna "Game da Mu", shi ne yake tsayawa a madadinsu, kuma aikinsa ke nan: ya amsa wannan tambayar. Duk jimlar da ba ta taimaka wajen amsa ta ba, a cire ta.

Matsalar da aka fi samu ita ce a cika shafin da kirari irin na tallar rediyo. "Kaya masu inganci a farashi mai rahusa." "Sayen nagari mayar da kuɗi gida." "Sai an gwada akan san na ƙwarai." Ba ƙarya ba ne, amma ɗan damfara ma haka yake rubutawa, har ya fi ka iya tsara shi. Abin da ɗan damfara ba ya so ya rubuta shi ne abin da za a iya bincikawa: lambar shago, shekarar da aka fara, sunan da ke kan asusun banki. Saboda haka a nan za ka zuba ƙarfinka.

Kafin ka fara rubutu

Ɗauki takarda ka amsa waɗannan da gajerun kalmomi, ba tare da ƙawa ba. Me kake sayarwa takamaimai? Sari kake bayarwa ko ɗai-ɗai, ko duka biyun? Wa ya fi saye a wurinka: 'yan kasuwar wasu garuruwa, masu haɗa lefe, teloli, ɗalibai? Ina shagon yake? Tun yaushe? Yaya kaya suke isa hannun mai saye? In an sami matsala, me kake yi?

Sannan ka buɗe WhatsApp ɗinka ka duba tambayoyin da baƙi suka fi yi maka a watan da ya wuce. In mutum biyar sun tambayi "kuna turawa Abuja?", to amsar ta cancanci shiga gabatarwa. Wannan ya fi duk wani tsari da za ka kwafo daga shafin wani.

Jimlar farko

Yawancin masu shiga shafinka da waya suke shiga, kuma abin da fuskar waya take nunawa kafin a ja ƙasa layuka ne kaɗan. Kada ka ɓata su da doguwar gaisuwa. Sallama a layi ɗaya ta wadatar, sai ka shiga magana. Jimlar farko ta ɗauki abu uku: wane ne kai, me kake sayarwa, a ina. Dubi bambancin waɗannan biyun.

"Barka da zuwa shafinmu mai albarka, inda za ku samu duk abin da ranku yake so cikin sauƙi da mutunci."

"Ni ne wane, ina sayar da shadda da yadin maza a Kantin Kwari tun 2016, sari da ɗai-ɗai, kuma ina turawa duk jihohin Arewa."

Ta farko za ta iya zama a shafin mai sayar da taya ko mai sayar da turare, ba wanda zai gane. Ta biyu mutum ɗaya kawai za ta yi wa daidai.

Zaɓi tsakanin "ni" da "mu" ka tsaya a kai. In kai kaɗai ne da yaron shago ɗaya, "ni" ya fi, domin mai saye ya fi sakin jiki da mutum a kan kamfanin da bai san fuskar kowa a cikinsa ba. Wanda yake rubuta "ma'aikatanmu" da "rassanmu" alhali shago ɗaya ne, ranar da mai saye ya zo Kano ya gani da idonsa, amanar ta tafi.

Hujjar da za a iya bincikawa

Nan ne zuciyar shafin, kuma nan ya kamata ka daɗe.

Adireshi tukuna. "Kantin Kwari, Kano" ba adireshi ba ne, kasuwa ce mai dubban shaguna. Rubuta sunan gidan da shagon yake ciki, da layi, da hawa, da lambar shago, yadda wanda ya sauka daga adaidaita sahu zai iya zuwa ba tare da ya kira ka ba. Haka mai waya a Farm Centre, mai kayan masarufi a Singa, mai hatsi a Dawanau, mai kayan fata da na gargajiya a Kurmi. Da yawan masu saye daga nesa ba za su zo ba, amma suna da ɗan'uwa a Kano da za su ce wa "don Allah leƙa min shagon nan." Ka sauƙaƙa wa wannan ɗan'uwan. In ka sa shagon a taswirar Google, sa mahaɗinsa, wato link, a nan.

Sai rajista. In ka yi rajistar sunan kasuwanci da hukumar CAC, kana da lamba mai farawa da BN; in kamfani ne, mai farawa da RC. Rubuta lambar da sunan daidai yadda suke a takarda, domin hukumar tana da shafin bincike da kowa zai iya duba suna a ciki. Harafi ɗaya in ya bambanta, mai binciken zai ɗauka ƙarya ka yi. Amma kada ka ɗora hoton takardar gaba ɗaya, lambar ta isa. Lambar NIN da BVN kuwa ba su da hurumi a shafin kasuwanci ko kaɗan.

Abin da ya fi kashe ciniki a minti na ƙarshe shi ne sunan asusu. An gama ciniki, an turo lambar asusu, mai saye ya shigar da ita a manhajar bankinsa, sai ga wani suna daban ya fito, na ƙaninka ko na maigidanki. A nan mutane da yawa suke janyewa ba tare da sun ce komai ba, kai kuma ka yi ta mamakin me ya faru. Maganinsa jimla ɗaya ce a gabatarwa: "Asusunmu ɗaya ne, sunan da zai fito shi ne kaza, duk wanda ya ba ka wani suna ba mu ba ne." Wannan jimlar tana kuma kare ka daga masu kwafe hotunanka su buɗe shafi da sunanka a Facebook ko Instagram. In kana da rajistar CAC, buɗe asusu da sunan kasuwancin, a banki ko a irin su Moniepoint, ya fi komai sauƙaƙa wannan.

Masu kayan ci da na shafawa da aka ƙunshe a leda ko kwalba, irin su yaji da kilishi da man shafawa, in akwai lambar NAFDAC a rubuta ta. In babu, kada a ƙirƙira, kada kuma a rubuta cewa abu yana warkar da cuta kaza.

Ɗan tarihinka, amma kaɗan

Jimla uku ko huɗu sun isa. Ba tarihin haihuwa da makarantar firamare ake nema ba, abin da ake nema shi ne dalilin da ya sa ka san kayan nan. Wanda ya yi shekara bakwai yana yaron shago kafin maigidansa ya sallame shi ya buɗe nasa, ya faɗa, domin duk Bakano ya san me wannan yake nufi. Wadda ta koyi haɗa turaren wuta da humra a wurin kakarta, ta faɗa. Mai rini da ya gāji sana'ar a Ƙofar Mata, ya faɗa, ya kuma ambaci kwana nawa yadi yake ɗauka kafin ya fito yadda ake so.

Ƙwarewa tana bayyana ne a ƙananan bayanai. Mai atamfa da ya rubuta "duk turmi yadi shida ne cif, muna aunawa a gabanka ta bidiyo in ka buƙata" ya nuna ya san inda ake cutar mutane. Mai waya da ya rubuta "muna faɗa maka in an taɓa canza fuska ko batir kafin ka biya" ya fi wanda ya rubuta "amana ce jarinmu" sau goma. Kuma kada ka zagi abokan sana'a don ka ɗaga kanka. Mai karatu bai san su ba, kai kawai zai gani da baƙin ciki.

Ga masu sana'a a cikin gida

Hajiya mai sayar da kaya daga gida ba dole ba ne ta sa adireshin gidanta, kuma bai ma kamata ba. Ki ambaci unguwa kawai, Tarauni ko Gwale ko Rijiyar Zaki, sannan ki faɗi yadda ake karɓar kaya: mai kai saƙo zai kawo, ko a haɗu a wani sanannen wuri da rana. Ki ware layin waya na kasuwanci daban da naki. Hoton fuska ma ba wajibi ba ne. Hoton hannu yana aiki, ko tukunyar turare a kan wuta, ko kaya an ƙunshe an rubuta sunan gari a jiki ana shirin kai su tasha, duk suna nuna cewa akwai mutum na gaske a bayan shafin. Hotunan yara dai a bar su a gida.

Hoto da shaidar masu saye

Hoto ɗaya ko biyu na gaske: kai a cikin shagonka, allon sunan shagon yana fitowa. Ɗauka da hasken rana, da safe ko bayan la'asar. Hoton da aka sauko da shi daga intanet na wani Bature da kwat yana murmushi ba ya yaudarar kowa. Rage nauyin hoton zuwa ƙasa da kilobait 200 kafin ka ɗora, domin mai ƙaramar data ko raunin sabis ba zai jira shafi mai nauyi ya buɗe ba.

In za ka sa saƙon godiya da wani ya turo maka, nemi izininsa, ka goge lambarsa da hotonsa. Ban da kasancewarsa mutunci, Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane ta 2023. Shaida biyu masu bayani, irin "kayan sun iso Gombe washegari, launin daidai da na hoto", sun fi guda ashirin na "masha Allah, Allah ya ƙara kasuwa."

Yadda ake rufewa

Faɗi yadda kaya suke tafiya: ta mota daga tasha ko ta kamfanin aika saƙo, wa yake biyan kuɗin mota, kwana nawa. Kada ka yi alkawarin kwana ɗaya in ka san wani lokaci sai uku. Faɗi sharaɗin canji a fili, misali ana canza yadin da ba a yanka ba cikin kwana uku. Sa lokutan aiki, har da rufewar sallar Juma'a da canjin lokaci a watan azumi, don kada wanda ya yi magana bai samu amsa ba ya ɗauka an gudu.

Sai mataki ɗaya tak da kake so mai karatu ya ɗauka. Ga yawancin 'yan kasuwar Kano, WhatsApp ne. Ana haɗa mahaɗin da rubuta wa.me/ sai 234 sai lambarka ba tare da sifilin farko ba. Nan ake yawan kuskure: in ka bar sifilin a ciki, ko ka sa alamar tarawa ko tazara, mahaɗin zai iya ƙin kai mutum wurinka. Gwada shi daga wayar wani kafin ka saki shafin.

Tsawon duka ya tsaya tsakanin kalma 150 zuwa 250, a sakin layi gajeru. Daga ciki za ka tsamo gajeriyar siga ta Instagram, inda harafi 150 kawai aka ba ka: kaya, wuri, hanyar magana.

In kana da masu saye a Kudu, yi siga biyu, Hausa da Turanci, kowace a wurinta, kada ka cakuɗa su a jimla ɗaya. Ta Turancin ka ba wanda ya iya ya duba maka. A ta Hausar kuma sa allon rubutun Hausa a wayarka, Gboard yana da shi, don ɓ da ɗ da ƙ su fito daidai, kuma ka guji rubutun taƙaice irin na hira da abokai.

Da ka gama, karanta shi da ƙarfi. Duk inda ka ji ba haka za ka faɗa wa mutum a bakin shago ba, gyara. Sannan ka miƙa wa wanda bai san sana'arka ba ya karanta a wayarsa, ka karɓe wayar ka tambaye shi: me nake sayarwa, ina shagona, wane suna ne a asusuna? Tambayar da ya kasa amsawa, a nan gyaran yake. Duk lokacin da ka canza shago ko lamba ko asusu, gyara shafin a ranar, ka kuma bi Facebook da Instagram da WhatsApp ka tabbatar bayanin iri ɗaya ne a ko'ina.