Yadda Ake Bin Sawun Jirgin Ruwa a Kundin Tarihi

Duk mai son rubuta tarihin jiragen Ingila da suka shiga Kogin Kwara da Binuwai a ƙarni na 19 zai ci karo da takardun Hukumar Sojan Ruwa, waɗanda ke ajiye a Gidan Adana Takardun Ƙasa da ke Kew, a Landan. Ana neman su da lambar rukuni, kuma rukunin sojan ruwa na farawa ne da ADM.

Kafin komai, tabbatar da jirgin. Sojan ruwan Ingila sukan maimaita suna ɗaya a kan jirage daban-daban tsawon shekaru, don haka suna kaɗai ba ya isa. Haɗa shi da shekara da sunan kyaftin. A tafiyar da Ingila ta tura Kogin Kwara a 1841, jirage uku ne: Albert, Wilberforce da Soudan, ƙarƙashin Kyaftin Henry Trotter. Sannan ka gano ko jirgin na soja ne ko na ɗan kasuwa, domin a nan mutane da yawa ke ɓata kwanaki. Pleiad, wanda William Baikie ya hau da shi Binuwai a 1854, na ɗan kasuwa Macgregor Laird ne, kwangila aka ba shi. Labarin irin wannan jirgi a wasiƙu ake nemansa, a ADM 1, wasiƙun da Hukumar Sojan Ruwa ta karɓa, da kuma FO 84, rukunin Ma'aikatar Harkokin Waje kan cinikin bayi.

Littafin tafiyar jirgi shi ne ginshiƙi. Na kyaftin yana ADM 51, na jagoran tuƙi ADM 52, na jirgin kansa ADM 53, na tafiye-tafiyen bincike kuwa ADM 55. A ciki za ka ga iska, gudun jirgi, zurfin ruwa, ragowar ruwan sha da gawayi, da wanda aka yi wa bulala. Kada ka sa ran dogon labari: ganawa da sarki kan ƙare a layi ɗaya.

Wajen karatun ne ake yin kuskure mafi yawa. Kafin Oktoba 1805, ranar jirgin soja tana farawa ne da tsakar rana, tana gaba da ranar tudu da awa 12. Abin da aka rubuta da yammacin 10 ga wata, a lissafin mutanen gari yammacin 9 ga wata ne. Jiragen 'yan kasuwa sun ci gaba da wannan lissafi bayan soja sun daina, saboda haka duba kowane shafi: in yamma ta riga safe zuwa, tsohon lissafi ne. Zurfi da gaba ake auna shi, gaba ɗaya ƙafa 6. Mil na ruwa mita 1,852 ne, ya fi na tudu tsawo. Iska kuma da inda ta fito ake kiranta. Idan ka kwatanta da takardun Faransa, ka tuna su daga Faris suke ƙirga lonjitud, wato nisan wuri gabas ko yamma, kuma Faris tana wajen digiri 2 da minti 20 gabas da Greenwich, inda Ingila ke fara nata ƙirgar. In ka manta wannan, sai ka ɗora jirgi a kan tudu, nesa da ruwa da fiye da kilomita 200.

Sunayen wurare ma sai da lura. Turawan lokacin suna rubuta Quorra don Kwara, Tchadda don Binuwai, Iddah don Idah, Egga don Eggan ta ƙasar Nupe, Fernando Po don tsibirin Bioko. Buɗe shafi guda ka riƙa jera kowane suna da duk yadda aka rubuta shi, ka nemi kowanne a kundin intanet na gidan, wanda ake kira Discovery.

Littafin tafiya shi kaɗai shaida ɗaya ce, sai an haɗa da rajistar ma'aikata, ADM 36 zuwa 38. A gefen suna, D na nufin an sallame shi, DD ya mutu, R ya gudu. Da waɗannan alamomi za ka ƙirga mamata da kanka, maimakon kwafar adadin wani littafi. A tafiyar 1841 zazzaɓi ya kashe fiye da rubu'in Turawan, alhali a 1854, da Baikie ya riƙa ba mutanensa kwinin kullum, babu wanda ya mutu. Littattafan likitocin jirgi, ADM 101, su ke bayyana ciwo da magani. A rajistar nan ne kuma 'yan Afirka ke fitowa, musamman matuƙa 'yan Kru na gaɓar Laberiya, sai dai sau da yawa an rubuta su da laƙabin Turanci da hafsoshi suka raɗa musu. Wannan ya cancanci haƙuri, domin su ne suka sari itacen wuta, suka riƙe jirgi lokacin da Turawa ke kwance.

In za ka je Kew, tanadi shaida biyu, ta suna da ta adireshi, don karɓar katin mai karatu, kuma ka yi odar takardu tun kafin ka isa. Fensir kawai ake shiga da shi. An yarda da ɗaukar hoto ba tare da walƙiyar kyamara ba. Fara da hoton bangon kundin mai ɗauke da cikakkiyar lamba kafin shafukan ciki, in ba haka ba za ka dawo gida da hotuna 800 ba ka san wanne ya fito daga wane jirgi ba.