Kurakuran da Aka Fi Yi Game da Barci, da Yadda Na Gyara Nawa

Shekara da shekaru ke nan ina jin koke iri ɗaya daga bakin ɗalibai, da direbobi, da masu kwana a bakin aiki, har da 'yan'uwana na gida. Wannan ya ce barci ya ƙaurace masa, wancan ya bugi ƙirji ya ce shi awa huɗu ta ishe shi, wata kuma ta ce kullum da ciwon kai take tashi. Idan na bi diddigin maganar sai in tarar da kurakurai kaɗan ne ake ta maimaitawa, waɗanda ni ma na tafka yawancinsu kafin in fahimci yadda abin yake aiki.

Abubuwa biyu ne suke juya barcin ɗan Adam, kamar yadda Alexander Borbély na Jami'ar Zurich ya tsara bayaninsu a 1982. Na farko shi ne nauyin barci da yake taruwa tun daga lokacin da mutum ya farka, domin wani sinadari da ake kira adenosin yana ƙaruwa a ƙwaƙwalwa muddin mutum yana ido biyu, kuma barci ne yake rage shi. Na biyu shi ne agogon jiki, wato wani ɗan curin ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000 da ke can ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, wanda hasken da ya shiga ido yake saita shi kowace rana. Wannan agogo ne yake ba da umarnin sakin sinadarin melatonin, mai sanar da jiki cewa lokacin barci ya yi, idan duhu ya yi, shi ne kuma yake sauke zafin jiki cikin dare. Idan nauyin ya taru a daidai lokacin da agogon ya ce dare ya yi, barci yakan zo ba tare da an roƙe shi ba, kuma mafi yawan abin da mutane suke yi wa kansu ɓarna ce ga ɗaya daga cikin waɗannan biyun.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne kalmar nan "na saba". Mutum zai kwanta ƙarfe ɗaya na dare, ya tashi sallar asuba ƙarfe biyar, ya wuce kasuwa ko ofis, sannan ya riƙa yi wa masu barcin awa bakwai kallon ragwaye. A 2003 Hans Van Dongen da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun taƙaita wa wasu lafiyayyun mutane barci zuwa awa shida kowane dare har kwana 14, suna auna saurin hankalinsu kullum. Ƙwazonsu ya yi ta raguwa har ya kai irin na wanda ya yi dare ɗaya ko biyu cur bai runtsa ba. Abin tsoron shi ne, da aka tambaye su yadda suke ji, sun nuna cewa bayan 'yan kwanakin farko gajiyar ba ta ƙaru sosai ba. Wato abin da mutum yake sabawa da shi jin gajiyar ne, amma ƙwaƙwalwarsa tana ci gaba da lalacewa a aiki ba tare da ya sani ba. Gaskiya ne akwai masu wata halitta ta gado da awa shida ko ƙasa da haka take isar su, an ma gano ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon a 2009, sai dai irinsu ƙalilan ne ƙwarai, kuma wanda sai an buga masa ƙofa yake tashi, ko yake gyangyaɗi a wurin huɗubar Juma'a, ba ya cikinsu. Shawarar ƙwararrun barci ga baligi ita ce awa bakwai zuwa sama, matasa kuwa takwas zuwa goma.

Ni kaina na yi wannan alfahari na kusan shekara biyu, kuma a kan titin Kano zuwa Zariya na biya kuɗinsa. Bayan azahar ne, na ci abinci, rana tana dukan gilashi, ƙanwata tana zaune a gefena. Ban ji barci yana zuwa ba, ban yi hamma ba, abin da kawai na sani shi ne ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya da ihun da ta yi. Motar ta sauka daga kwalta ta daki bakin kwalbati, ƙanwata ta karye a hannu, ni kuma na yi wata shida ina biyan bashin gyara. Abin da ya same ni yana da bayani: ƙwaƙwalwar da take bin bashin barci takan ɗauke na daƙiƙa uku ko huɗu, wani lokaci ma ido a buɗe. Motar da take gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka daƙiƙa huɗu sun ishe ta ta yi fiye da mita 100 babu direba. Ga shi kuma tsakanin azahar da la'asar agogon jiki da kansa yakan sassauta, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa ya yi daidai da na wanda barasa a jininsa ta kai adadin da a ƙasashe da yawa ake kama direba a kansa. Mu da muke ƙyamar direba mashayi, sai ga mu muna yaba wa wanda ya kwana yana tuƙi daga Legas muna cewa jarumi ne.

Gyaran da na yi wa kaina shi ne na daina ƙirga lokacin kwanciya daga dare, na koma ƙirgawa daga asuba zuwa baya. Tun da tashin asuba ba abin da za a ɗaga ba ne, ƙarfe goma ta same ni a kwance, ko wace irin hira ake yi a ƙofar gida. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, saboda barci zagaye-zagaye yake yi, kowane zagaye kimanin minti 90, kuma ba iri ɗaya ne cikinsu ba. Barci mai nauyi, wanda jiki yake gyara kansa a cikinsa, ya fi yawa a farkon dare, shi kuwa barcin mafarki, wanda idanu suke motsi da sauri a ƙarƙashin fata, kamar yadda Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka gano a Jami'ar Chicago a 1953, ya fi tsawo a zagayen ƙarshe gab da wayewar gari. Wanda ya taƙaita darensa zuwa awa huɗu, kaso mafi tsoka na barcin mafarkin ya yanke. A kan hanya kuwa, da zarar na ga na manta garin da na wuce yanzu-yanzu, sai in tsaya in sha shayi in kishingiɗa minti 15 zuwa 20. Sauke gilashi da ƙure rediyo da tauna cingam duk yaudarar kai ne.

Maganar shayi ta kawo ni kan goro. Sinadarin da ake kira kafin (caffeine) da ke cikin goro, da ganyen shayi, da kofi, da lemun kwalba baƙi, da abin shan nan na gwangwani da ake cewa yana ƙara kuzari, ba ya cire adenosin daga ƙwaƙwalwa, toshe masa wurin zama kawai yake yi, nauyin yana nan yana jira. Jiki yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin ya kawar da rabinsa, mai juna biyu kuwa fiye da haka nesa. Wanda ya zauna majalisa bayan la'asar ya sha shayin Buzaye zagaye uku ƙarfe biyar, rabin kafin ɗin yana jininsa ƙarfe goma, rubu'insa kuma har ƙarfe uku na dare. Na sha jin ana cewa "ni ko na ci goro yanzu zan yi barci", kuma na yarda za ka yi, amma nauyinsa yakan ragu, gobe ka tashi a gajiye ka nemi wani goron. Ni dai daga azahar na rufe, wasu suna iya kaiwa la'asar, kowa ya gwada mako biyu ya ga nasa.

Bayan haɗarin nan sai na faɗa kuskure na biyu, wanda ya fi na farko daɗewa yana cin raina. Tsoro ya sa na fara bin barci da ƙarfi: in kwanta ƙarfe takwas tun nauyinsa bai taru ba, in yi ta juyi, in duba agogo, in lissafa awa nawa suka rage, zuciya ta hau bugu. Cikin 'yan watanni gadon kansa ya zama wurin fargaba, har ta kai ina gyangyaɗi a kan kujera amma ina hawa katifa ido zai bushe. Daga nan wani mai kemis ya miƙo mini ƙwayar diazepam, wadda yara suke kira D5, ba takardar likita ba tambaya. Mako na farko na yi ta sa masa albarka. A wata na biyu ƙwaya ɗaya ta daina aiki, da safe kaina kamar an cika shi da auduga, ranar da na ce bari in daina kuwa sai na kwana zaune, abin ya fi na da muni. Irin waɗannan ƙwayoyi suna kwantar da mutum ne amma suna rage barci mai nauyi, jiki kuma yana saurin dogara da su. Wallahi duk wanda yake raba wa 'yan'uwa irin wannan ƙwaya daga aljihunsa, ko yake ɗura wa yaro maganin mura don ya yi shiru, ya sani cuta yake rabawa. Wanda kuma ya riga ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, domin hakan yana iya kawo jijjiga. Likita ne zai rage masa sannu a hankali, kamar yadda aka yi mini.

Abin da ya fitar da ni ba magani ba ne da ake haɗiya. Wata hanya ce da Richard Bootzin ya bayyana tun 1972, wadda take cikin tsarin gyaran ɗabi'a da tunani da ƙungiyar likitocin Amurka ta ce a 2016 shi za a fara gwadawa ga mai daɗaɗɗen rashin barci kafin ƙwaya. Ba na hawa gado sai barci ya fara fizgata. Idan na yi kamar minti 20 bai zo ba, sai in sauka in zauna kan tabarma cikin haske kaɗan, in ɗauki carbi ko wani littafi mara daɗi, sai ido ya yi nauyi in koma. Ko sau nawa na yi haka, lokacin tashina ba ya canzawa, kuma a watannin nan ban yarda na rama da rana ba. Makon farko azaba ne, amma nauyin da yake taruwa shi ne yake dawo da barcin. Agogo kuwa na juya fuskarsa bango har yau. Ya kamata kuma a daina tsorata da farkawa cikin dare, domin kowa yakan ɗan farka tsakanin zagaye da zagaye, yawanci ma ba a tunawa.

Ɗalibai masu karatun kwana ranar jajiberin jarrabawa su sani tun 1924 aka nuna a Jami'ar Cornell cewa abin da aka haddace aka kwanta a kansa ya fi zama fiye da wanda aka haddace aka ci gaba da zirga-zirga. Ramuwar barci a ranakun Asabar da Lahadi tana rage gajiya amma tana ture agogon jiki, shi ya sa daren Lahadi wayewar Litinin yake wuya. Ƙailula ta minti 20 bayan azahar alheri ce, idan ta zarce awa sai a tashi cikin magagi, barcin bayan la'asar kuwa, wanda tsofaffinmu suke hanawa, cinye nauyin dare yake yi. Game da waya, ana yawan ɗora laifi kan haskenta, ni kuwa a ganina abin da ke cikinta ya fi haskenta ɓarna, musamman datar dare mai arha da take sa matashi jiran ƙarfe 12. A watannin zafi na Maris zuwa Mayu, tun da sai zafin jiki ya sauka barci yake kamawa, wanka kafin kwanciya da shimfiɗa a tsakar gida cikin gidan sauro sun fi mini komai. Da safe kuma a fita a ga rana, ita ce mai saita agogon.

Dannau yakan firgita mutane ƙwarai, amma ta fuskar jiki bayaninsa a fili yake. A lokacin barcin mafarki ƙwaƙwalwa takan kulle tsokoki don kada mutum ya aikata abin da yake gani, to idan hankali ya farka kafin a buɗe kullen sai mutum ya ji an danne shi, ba motsi ba magana, har da ragowar mafarki a idonsa. Yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna, kuma ya fi samun wanda barcinsa ya rikice ko mai kwanciya rigingine.

Abin da ya fi cancantar tsoro shi ne wanda ake yi wa dariya, wato minshari. Idan mai minshari yana yin shiru na ɗan lokaci sannan ya zabura da ƙara kamar an shaƙe shi, to maƙogwaronsa ne yake rufewa, numfashi yana tsayawa, kuma hakan yana iya faruwa sau da dama a kowace awa ba tare da ya sani ba. Irin wannan mutum zai yi awa takwas a kwance ya tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya wuni yana gyangyaɗi, kuma abin yana da alaƙa mai ƙarfi da hawan jini da ciwon zuciya. Rage ƙiba da kwanciya ta gefe suna taimakawa, akwai kuma na'urar hura iska ta hanci da Colin Sullivan ya ƙirƙiro a birnin Sydney na Ostareliya a 1980, wadda take hana maƙogwaron rufewa. Ƙwayar barci ga mai wannan lalura ƙara masa haɗari take yi. Shi ba zai taɓa jin kansa ba, don haka uwargida ko wanda suke ɗaki ɗaya ya ɗauki sautin a waya na minti biyu ko uku, a tafi da shi wurin likita.