Ɗanyen gwanda na tausasa naman akuya

Assalamu alaikum matan Jidda da Makka.

Idan kun samu naman tsohuwar akuya mai tauri, ku nemi ɗanyen gwanda, koren da bai fara nuna ba.
Ku gurza shi har da bawon. Cokali biyu ya isa kilo ɗaya na nama.
Ku cuɗa da citta da tafarnuwa, ku rufe, ku sa a firij kamar awa biyu, sannan ku ɗora.

Farin ruwan nan da ke tsattsafowa idan an karce gwandar, shi ne ke aikin. Akwai sinadarin da ake kira papain a cikinsa, yana karya jijiyoyin naman tun kafin ya ga wuta. Shi ya sa girkin ke saurin nuna, gas ma ya daɗe muku. Nunannen gwanda ba ya yi sosai, don ruwan ya ragu.

Ku duba shagunan kayan miya na Indiyawa da 'yan Filifin, sukan kawo shi. Idan babu, kiwi ma na yi, amma shi kada ya wuce rabin awa.

Don Allah kada ku sa wa ɗan akuya, irin wanda ake yin mandi (shinkafa da nama ta Larabawa) da shi. Dama laushi gare shi, dagargajewa zai yi. Naman tsohuwar akuyar ma kada ya kwana a cikin gwandar.

Warin bunsuru kuwa gwanda ba ya taɓa shi. Wannan sai kun yanke kitsen, kun wanke da lemon tsami.
Mai ƙaiƙayin hannu ta sa safar leda kafin ta gurza.