Kurakuran da aka fi yi wajen daidaita saƙonnin Sabon Alkawari

Duk wanda ya karanta Romawa 3:28 sannan ya buɗe Yakubu 2:24 sai ya ɗan tsaya. Bulus ya ce ta bangaskiya mutum yake kuɓuta, ba ta ayyukan Shari'ar Musa ba. Yakubu kuwa ya ce ta ayyuka ne, ba ta bangaskiya kaɗai ba. Kuma su biyun duk sun kafa hujja da Farawa 15:6, inda Ibrahim ya gaskata Allah. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne ɗauka cewa tun da kalmar ɗaya ce, ma'anar ma ɗaya ce.

Gyaran yana buƙatar takarda da biro. A raba takardar gida biyu, a rubuta abu uku a ƙarƙashin sunan kowane marubuci: tambayar da yake amsawa, wanda yake gardama da shi, da misalin da ya kawo. A wasiƙar Galatiyawa, Bulus yana fama ne da masu cewa dole wanda ba Bayahude ba ya yi kaciya kafin a karɓe shi. Ayyukan da ke gabansa su ne kaciya, dokokin abinci da kiyaye ranaku, shi ya sa a Romawa 4:10 ya nace cewa an karɓi Ibrahim tun bai yi kaciya ba. Yakubu kuwa mutumin da yake gani shi ne wanda ɗan'uwansa ba abinci ba sutura, ya sallame shi da fatar baki (2:15-16). Bangaskiyar da yake suka ita ce ta yarda da baki cewa Allah ɗaya ne, wadda ya ce aljannu ma suna da ita (2:19). Idan aka ɗora Galatiyawa 5:6 a kai, inda Bulus ya yi maganar bangaskiya mai aiki ta wurin ƙauna, tazarar takan ragu sosai.

Amma ba ta ɓacewa gaba ɗaya, kuma bai kamata a ɓoye hakan ba. Bulus ya tsaya kan Ibrahim na Farawa 15, Yakubu ya kai shi har Farawa 22, wurin miƙa Ishaku. Martin Luta, jagoran gyaran ikilisiya a Jamus, ya ji nauyin wannan bambanci, har a 1522 ya kira Yakubu wasiƙar ciyawa. Ya yi gaggawar hukunci, amma abin da ya gani yana nan a rubuce.

Kuskure na biyu shi ne narkar da Linjila huɗu su zama labari guda. Tsohon aiki ne: wajen shekara ta 170 wani malamin Kirista mai suna Tatiyan ya saƙa su wuri ɗaya, ikilisiyoyin Siriya suka yi ta amfani da littafinsa har ƙarni na biyar. Illar ita ce a ƙarshe mutum yana riƙe da Linjila ta biyar wadda babu wanda ya rubuta. Dubi maganganun kan gicciye. Markus 15:34 ya kawo kukan wanda aka yashe, Luka 23:46 ya kawo mai miƙa ruhunsa ga Uba, Yahaya 19:30 ya kawo mai shelar an gama. In aka jera su a wa'azi guda, zafin Markus ya dushe, natsuwar Luka ma ta ɓace. A fara karanta kowace Linjila ita kaɗai daga farko zuwa ƙarshe (Markus babi 16 ne, bai kai karatun awa biyu ba), daga baya a jera nassosin gefe da gefe.

Ƙanin wannan kuskure shi ne ninka abin da ya faru. Yahaya ya sa korar 'yan kasuwa daga Haikali a babi na 2, Markus ya sa ta a makon ƙarshe, babi na 11, sai a ce ai sau biyu aka yi. Irin wannan kan zama gyaran gangar Auzinawa. Marubutan wancan zamani sukan jera labari bisa manufa, kuma tun ƙarni na biyu wani bishop mai suna Fafiyas ya ce Markus bai rubuta abubuwa bi da bi ba. Haka batun Idin Ƙetarewa yake: a Markus 14:12 jibin ƙarshe na Idin ne, a Yahaya 19:14 kuwa ana shari'ar Yesu a ranar shirin Idin, tun ba a ci shi ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce me Yahaya yake nunawa, shi da tun 1:29 ya kira Yesu Ɗan Rago na Allah.

Wani lokaci matsalar ta kwafi ce. Markus 16:9-20 ba ya cikin manyan kwafe biyu na Littafi Mai Tsarki da aka rubuta da hannu a ƙarni na huɗu, na Sinai da na Batikan. Kafin a ɓata mako ana sasanta aya da wata, a duba bayanin ƙasan shafi. A kuma tuna jerin littattafan ba jerin shekarunsu ba ne: wasiƙun Bulus na wajen shekara ta 50 zuwa 60 ne, yawancin masana kuma suna sa Markus wajen 70.

Akwai masu faɗawa ɗaya ɓangaren, su ga bambanci su yanke abin da bai yi musu ba. Wani malami mai suna Markiyon ya yi haka wajen shekara ta 144, ya riƙe Linjilar Luka da ya yi wa yanke-yanke da wasiƙun Bulus goma kawai, ikilisiya ta ƙi shi.

Sai kuma share saɓanin da nassi da kansa ya bayyana. A Galatiyawa 2:11-14 Bulus ya ce ya tsaya wa Bitrus ido da ido a Antakiya, domin Bitrus ya janye daga cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba. Jerom, malamin ikilisiya na dā, ya so ya sassauta, ya ce manzannin sun shirya abin ne tsakaninsu don koyar da jama'a. Agustin, wani bishop na zamaninsa, ya rubuta masa cewa in aka yarda Bulus ya rubuta abin da ba haka yake ba a wuri ɗaya, babu sauran ayar da za a dogara da ita. A wannan gardama hujjar Agustin ta fi ƙarfi: Bitrus ya yi kuskure, Bulus ya tsawata masa, haka kuma ya kamata a koyar da wurin.