Yadda Ake Tafiyar da Yini da Dare a Sansanin Hutun Yara a Tawa

Da zarar an rufe makarantun boko wajen ƙarshen watan Yuni, yaran Tawa sukan shiga dogon hutun da ba ya ƙarewa sai farkon Oktoba. Waɗanda iyayensu ke da gona a ƙauye sukan tafi taya noma, amma ɗan ma'aikaci da ɗan mai shago sukan yini tsakanin ƙofar gida da wayar mahaifinsu. Don irin waɗannan ne malamai da ƙungiyoyin matasa ke shirya sansanin hutu, wanda aka fi sani da koloni, inda yara ke kwana mako ɗaya ko biyu nesa da gida. Na daɗe ina wannan aiki, kuma abin da na gani shi ne wasanni da yawon buɗe ido ba su da wuyar shiryawa. Nauyin yana ga ruwa, da abinci, da abin da ke faruwa bayan an kashe fitila, domin ɗiyan mutane ne aka ba ka amana a tsakiyar damina.

Wurin da ya fi dacewa shi ne makaranta mai katanga da ƙofa ɗaya, wadda take bisa tudu, nesa da ƙorama. Ƙasar Adar, inda Tawa take, mai duwatsu ce, ruwa ba ya nutsewa da sauri, kuma ƙoramar da ka ƙetare a bushe da hantsi tana iya cika ta kawo kafin la'asar. Ka je ka duba ɗakunan washegarin ranar da aka yi ruwa, don a lokacin ne kwanon da ke yoyo da lungun da ruwa ke kwanciya za su nuna kansu. Ka sanar da mai unguwa da ofishin magajin gari da ofishin kula da matasa na jiha tun da wuri. Ka san likitar da ta fi kusa da wanda ke kwana a cikinta, ka tanadi mota mai mai a tanki wadda direbanta zai kwana a sansanin, sannan ka rubuta lambar ƴan kwana-kwana, wato 18, a bangon kowane ɗaki.

Kada ka karɓi yaro da takarda kawai. Ka zauna da uwarsa ko wadda ke riƙonsa, ka tambaye ta a keɓe ko yana da sikila, ko asma, ko farfaɗiya, ko akwai abincin da jikinsa ba ya karɓa, ko yana fitsarin kwance. Iyaye da yawa sukan ɓoye irin wannan don gudun kada a mayar da ɗansu. Wata shekara wani yaro ya biye wa abokansa suka yi wasa cikin ruwan sama, da tsakar dare sai ya tashi yana kuka da ciwon ƙafafu da baya, har ba ya yarda a taɓa shi. Sai da muka kira gida mahaifiyarsa ta ce, “Wallahi Malam, yana da sikila, na ji tsoron ku ce ba zai je ba.” Da mun sani da mun hana shi jiƙewa, mun matsa masa da shan ruwa, domin sanyi da ƙishirwa da gajiya su ne ke tayar da wannan ciwo. Tun daga ranar nake fara gaya wa kowace uwa cewa ba za mu mayar da yaro saboda lalura ba, sannan in yi tambayata.

Lissafin ruwa kuwa a yi shi da alƙalami. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta lita 20 ga kowane mutum a rana a makarantar kwana. Idan kana da yara 40 da manya 8, kana buƙatar lita 960 kullum, wato jarka 48 mai lita 20, kuma ya kamata a ce na kwana biyu yana ajiye saboda ranar da famfo zai ɗauke. Ruwan sha a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa, a jira rabin awa kafin a fara sha. Kowace randa ta kasance da murfi da moɗa mai mariƙi guda ɗaya, kowane yaro kuma da kofinsa mai alama. Kofi ɗaya da ke zagaya bakin yara arba'in shi ne hanyar da mura da gudawa suke bi su gama sansani cikin kwana uku.

A ranar farko ka raba yaran rukuni-rukuni, takwas zuwa goma, kowane da babba ɗaya da zai san sunayensu kafin rana ta faɗi. Mu mukan ba rukunai sunayen itatuwa, Gawo da Aduwa da Magarya da Kalgo. A ƙirga yara da safe, da kowane cin abinci, da lokacin fita da dawowa, da kafin kwanciya. Ƙirga da suna nake nufi, yaro ya amsa a ga fuskarsa, ba a leƙa ɗaki a ce ai sun cika ba.

Tsarin yini ya bi rana da sallah. A watan Agusta rana takan fito wajen shida da rabi a Tawa, ta faɗi wajen bakwai na yamma. A tashi yara da biyar da rabi su yi asuba, a naɗe tabarmi, a ɗage sange, a share ɗaki, sannan a karya da koko ko kunu mai zafi da ƙosai. Idan akwai yaran da ba Musulmi ba, a ba su nasu lokacin addu'a ba tare da an mai da su abin kallo ba. Daga takwas zuwa sha ɗaya shi ne lokacin duk wani aiki mai buƙatar ƙarfi ko fita waje. Bayan abincin rana da azahar a tilasta hutawa, ko da yaro bai yi barci ba ya kwanta. Dalili shi ne yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, wanda ya kwanta ƙarfe tara ya tashi biyar da rabi kuwa awa takwas da rabi kawai ya samu. Sansanin da ya raina wannan hutu zai ga sakamakon a kwana na huɗu, lokacin da faɗa da kuka za su yawaita ba tare da wani dalilin kirki ba.

Game da ayyukan safe, ra'ayina shi ne kada a mai da koloni makarantar boko ta biyu. Yaron da ya yi wata tara gaban allo ba darasin nahawu ya zo nema ba. A nuna masa abin da ke kewaye da shi wanda bai taɓa lura da shi ba. A kai su gonar gero a bakin gari, su tsaya ƙarƙashin gawo su ga yadda ya zubar da ganye a tsakiyar damina alhali sauran itatuwa sun yi kore shar, manomi ya bayyana musu da bakinsa dalilin da geron gindinsa ya fi na sauran wuri kyau. Idan sansanin ya haɗa da 3 ga Agusta, ranar da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960 wadda kuma ita ce ranar dashen itace, to aikin ranar ya samu. Kowane rukuni ya haƙa rami mai siffar rabin wata irin wanda manoman Keita da Buza suke yi don tare ruwa a fako, ya dasa icce a cikinsa, ya yi masa shinge da ƙaya saboda awaki. A wasu ranakun a gayyato dukawa ko masu saƙar tabarma su koya musu da hannu, kowane yaro ya koma gida da ɗan abin da ya yi da kansa. Wanda ke son kai yara tabkin Tabalak, mai nisan kimanin kilomita 50 a kan hanyar Agadas, ya fara jin shawarar hukuma game da hanya, kuma a tsaya a kallon tsuntsaye da masunta. Ba a shiga ruwan tabki ko na kududdufi, saboda nutsewa da kuma tsargiya.

Da la'asar sakaliya sai wasa. Ƙwallo ba ta buƙatar talla, amma a ba langa da gaɗa da carafke nasu fili, a haƙa gurabun dara 30 a inuwa don waɗanda ba sa son guje-guje. Kokowa kuwa, a Tawa, garin da aka fara gasar kokowa ta ƙasa ta cin takobi a 1975, ba ka iya hana yara ita. Abin yi shi ne a zuba yashi mai laushi, a haɗa tsara da tsara, babba ya tsaya alƙali. Idan hadari ya haɗo daga gabas aka fara jin cida, a tsayar da komai a shiga ɗaki, kada kowa ya fake a gindin icce.

Abinci ya zama wanda cikin yara ya saba da shi, tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, shinkafa da wake, dambu da zogale, da fura da rana. A ci shi da zafinsa, kuma abin da ya wuce awa biyu a ajiye bayan an sauke kada a ba yaro sai an sake tafasa shi sosai. Wanke hannu da sabulu a yi shi a layi, ana zuba ruwa daga buta, ba kowa ya tsoma hannu cikin kwano ɗaya ba. Mai dafa abinci ta cancanci a girmama ta, domin sau da yawa Inna ce ke fara gane yaron da bai da lafiya tun daga yadda ya bar tuwonsa.

Tun kafin magariba a sauke sange, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa, a duba ko ya yage. Agusta da Satumba su ne ganiyar sauro, kuma maganin rigakafin da ake rabawa gida-gida da damina galibi na ƴan ƙasa da shekara biyar ne, yaran koloni sun wuce shi. Duk wanda jikinsa ya yi zafi a kai shi likita a yi masa gwajin jini a ranar, kada a ce bari mu gani zuwa gobe, kuma a sanar da iyayensa. Mai gudawa a dama masa ƙunshi ɗaya na gishirin gudawa a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, in babu kuwa a sa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana kurɓa ana kan hanya. Kowane yaro ya kakkaɓe takalminsa kafin ya sa ƙafa, saboda kunama.

Bayan isha'i a shimfiɗa tabarmi a yi hira. Da an ce “Ga ta nan, ga ta nanku,” aka amsa “Ta zo mu ji ta,” za ka ga yaron da ya yini yana tsokana ya yi tsit. A daren farko a tsaya ga Gizo da Ƙoƙi da kacici-kacici, a ajiye labarin Dodo sai sun saba da wurin. Ɗakin maza daban, na mata daban, mata ne ke kwana da ƴan mata, kuma manya biyu ne a kowane ɗaki. Babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai a bayan ƙofa, ko wane ne shi, kuma ba a duka. A bar fitila mai cajin rana a hanyar makewayi, mutum biyu kuma su raba dare suna zagayawa.

A daren farko da na biyu ne kewar gida ke tashi. Za ka ji shessheƙa daga cikin wani sange, yarinya ta ce, “Tanti, cikina ke ciwo,” alhali Innarta take so. A fara taɓa goshinta a tabbatar ba zazzaɓi, sannan a zauna kusa da ita, a tambaye ta sunan ƙanenta da abin da ake dafawa a gidansu, a gaya mata aikin da aka tanadar mata gobe. Kada a ce mata ta girma da kuka, kuma kada a kira gida a daren, don muryar uwa a wannan lokaci ƙara wutar take yi. A bari sai da hantsi tana cikin walwala.

Fitsarin kwance shi ne inda ake gane mai kula na gaske. Akwai wani matashi da muka yi aiki tare, wanda yakan tashi kafin kiran sallah ya bi shimfiɗu yana taɓawa a hankali. Idan ya samu wadda ta jiƙe, sai ya tashi yaron da raɗa, ya ce, “Ƙanena, zo ka taya ni ɗibar ruwan alwala.” Kafin sauran su farka yaron ya yi wanka ya sauya wando, shi kuma ya fitar da tabarmi uku ko huɗu ya shanya tare, don kada a gane ta wane ce. Har aka tashi sansanin ba wanda ya san sirrin yaron, kuma shi ne ya ci langa a ranar ƙarshe. Irin wannan yaro a rage masa shan ruwa bayan isha'i kawai, a tashe shi sau ɗaya kafin manya su kwanta, a sa shimfiɗarsa kusa da ƙofa.

Ranar sallama a haɗa kaya tun da safe, a baza abin da aka tsinta a kan tabarma kowa ya ɗauki nasa. Ba a ba da yaro sai ga wanda sunansa ke cikin takarda, ko da ya ce shi kawunsa ne, sai an kira gida an ji daga bakin iyaye. A gaya wa kowace uwa abin da ya samu ɗanta, da maganin da ya sha in ya sha, a kuma ja hankalinta cewa zazzaɓin cizon sauro yana iya bayyana mako ɗaya ko biyu bayan cizon, don haka in jikinsa ya yi zafi a gida ta kai shi gwaji. Itatuwan da aka dasa kuma a damƙa su ga mai gadin makarantar da wasu yara biyu na unguwar, waɗanda za su riƙa ba su ruwa idan damina ta ɗauke a Oktoba.