Kurakuran da masu mage ke yi idan ta ɗauki ciki

Jama'a masu kiwon mage a Kaduna, dan Allah a daina matsa mata ciki da hannu wai ana ƙirga 'ya'ya. Mahaifar mage ba jaka ɗaya ba ce irin ta mutum, reshe biyu ne dogaye, ɗaya dama ɗaya hagu, suna haɗuwa ta ƙasa kusa da bakin mahaifa, 'ya'yan kuma a jere suke cikin rassan, kowanne da mabiyiyarsa. Da zarar ciki ya shiga, jijiyoyin da ke kai jini mahaifa sai su buɗe, jinin da ke bi ta wurin ya yi ta ƙaruwa har haihuwa, saboda ta nan ɗin ne abinci da iska ke isa ga 'ya'yan, to ka ga matsa irin wannan wuri da yatsa zai iya jawo ɓari. In kana son sanin ko tana da ciki, duba kan nononta wajen sati 3 bayan barbara, zai yi ja ya ɗan kumbura. Tabbaci kuma sai sikanin wurin likitan dabbobi. Cikin kansa kwana 63 zuwa 65 ne galibi.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne a ga ciki ya kumbura a ce ai ciki ne, a zauna jiran haihuwa. Akwai ciwon da mugunya ke taruwa a mahaifa, magen ta daina cin abinci, ta yi ta shan ruwa tana kwance, wani lokaci ruwa mai wari na fita ta bayanta wani lokaci kuma ba a ganin komai, kuma wallahi yana kisa. Aiki ake yi a cire mahaifar. In babu likita kusa da kai, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a ABU Zariya.

Sai batun jini. Mage ba ta zubar da jini lokacin da take neman muzuru kamar yadda karya ke yi, kuka ne da birgima kawai. Saboda haka jini a bayanta, da ciki ko babu ciki, na kai wa likita ne a ranar. Bayan haihuwa kam ana ganin ɗan ja-ja na 'yan kwanaki, amma ba mai kwarara ba.

Kar a ba ta Panadol ko da rabin ƙwaya ne, hantarta ba ta iya sarrafa shi, yana lalata jininta ya kashe ta.

Wasu kuma na cewa ai yarinya ce, ko ai tana shayarwa, wai ba za ta ɗauki ciki ba, sai su sake ta tana yawo. Mage na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, kuma barbarar ce da kanta ke sa ta saki ƙwai, shi ya sa da wuya muzuru ya hau ta a tashi a banza. In ba ka shirya wa wasu 'ya'yan ba, ka tsare ta a ɗaki ko ka kai a yi mata aikin hana haihuwa bayan ta yaye.